Bangon Yaya da Na Miƙe a Kwamfuta

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin gini kafin gwiwata ta dama ta hana ni hawa sama. Da na sauko sai na sami lokacin da ban taɓa samu ba, na shiga ajin manya da ake yi a wata makarantar firamare a unguwarmu ta Moduganari. A nan na koyi haruffan boko ina da furfura.

Babbar 'yata ta karanta fannin gini. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake ce mata. Tana aiki a ƙarƙashin wani injiniya mutumin kudancin Borno, dattijo mai sanyin magana wanda ba ya fashin coci. Bayan ambaliyar da ta ci garin nan, aiki ya yi masa yawa. Gidajen da suka sha ruwa sun fi ƙarfin ƙafarsa, sai ya fito da wata hanya. Uwata za ta je gida ta ɗauki hotuna da waya ta kowane ɓangare, hotuna masu yawan gaske. In ta zuba su a kwamfuta, wata manhaja ta haɗa su ta fitar da siffar gidan, a riƙa juya shi kamar ƙwarya a hannu. Injiniya ya duba a ofishinsa, ya ga gidan da ya kamata ya fara zuwa da wanda zai iya jira.

Wata rana da hantsi tana aiki a kan tabarma a tsakar gida ta kira ni.

"Baba, zo ka ga abin da zai ɓata maka rai."

Na jawo kujera na zauna. Ta danna wani wuri, sai fatar gidan da ke fuskar kwamfutar ta ɓace, aka bar wata raga kamar ta masunta, zare ya haɗu da zare, a kowace mahaɗa akwai ɗigo baƙi. Ta ce ɗigon nan su ne gidan. Inda ɗigo ya tsaya, nan bango ya tsaya. Ta matso da bakin wata ƙofa kusa. Ɗigon sun hau sun sauka kamar haƙoran kare.

Na ce, "Wane birkila ne ya yi wannan? A karɓe masa cokalin gini."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Ba birkila ba ne, Baba, waya ce. In hannuna ya girgiza ko rana ta haska ƙarfe, haka take fitar da shi. Tsaya ka gani."

Ta ja linzamin kwamfutar ta kewaye ɗigon, suka koma ruwan goro, alamar an zaɓe su. Sannan ta danna abu uku a jere, tana faɗa mini a hankali kamar yadda malamin ajinmu yake yi.

"Wannan S ce, ka san ta. Ita ce ke cewa a matse su. Wannan X ce, ita ke nuna ta wace fuska za a matse, wato daga hagu zuwa dama. Sai sifiri, ma'ana kada a bar tazara ko ta gashin kai tsakaninsu."

Tana danna sifirin, ɗigon suka yi tsalle suka jeru a layi ɗaya, ƙyam, kamar sahun sallar Idi. Na daɗe ina kallo. Abin da nake yi da igiya da ƙusa biyu da lumshe ido ɗaya, rana tana dukan ƙeyata, ga shi an yi kafin ƙiftawar ido.

Na ce ta sake. Ta mayar da su baya ta sake. Na ce ta ba ni in gwada.

Hannuna ya saba da cokali da guduma, linzamin nan kuwa ko numfashi ka yi sai ya gudu. Na yi kwana uku kafin in iya kewaye ɗigo goma ban haɗa da na maƙwabta ba. Amma ni ba mai gaggawa ba ne. Cikin mako biyu na zama mai gyara mata bakin ƙofofi da tagogi, ita tana wani aikin. Tun ranar farko ta kafa mini doka.

"Bakin ƙofa da na taga kawai, Baba, inda muka san ƙarfe ne ko katako miƙaƙƙe. Bango kada ka taɓa shi. Yadda ya zo, haka zai tafi wurin Injiniya."

Na ce to. Na ji maganar kamar yadda mutum yake jin a gaida gida.

Gidanmu na gado yana Lamisula. Mahaifinmu makiyayi ne, da daji ya ƙi zama ya rabu da sauran shanunsa ya shigo gari, ya gina ɗakuna da tubalin ƙasa. Yayata, wadda ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ta koma gidan bayan rasuwar mijinta, ta zauna a ɗakin Baba. Ita ta goye ni, har yau Auta take ce mini ko a gaban surukaina. Lokacin ambaliya ruwa ya kwana da yawa a ɗakin, ya kai bakin taga. Da ya janye ta wanke, ta shanya, ta koma, kamar ba a yi komai ba.

Bangon bayan ɗakin ne ya hana Uwata sakewa. Ba a ganinsa sosai. Ta ciki, wani babban kabad da gado da jeren kwanukan Yaya sun rufe shi. Ta waje kuwa wani siririn lungu ne tsakaninsa da katangar maƙwabci, ko da can sai mutum ya bi a karkace, yanzu kuma ruwa ya cika shi da laka da gwangwanaye da tsummoki. Uwata ta so Yaya ta dawo wurinmu har a duba.

Yaya ta ce, "Ni da ɗakin ubana sai gawa. In injiniyanku ya ce in fita, na fita. Ke dai ba ki isa ba, jiya-jiya nake wanke miki kashi."

Ni ma a ranar bayan Yaya na bi. Na ce bangon nan Baba ne ya gina shi, ni kuma na yi masa filasta da siminti da hannuna ina saurayi, da igiya na bi shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Na ce ko a Yerwa babu bangon ƙasa da ya fi shi tsayuwa.

Uwata ba ta yi musu ba. Ta ɗaure wayarta a bakin doguwar gora, ta hau kan katangar maƙwabci da izininsa, ta riƙa zura ta cikin lungun tana ja a hankali daga wannan baki zuwa wancan. Ta ɗauki na ciki ma, iya inda kaya suka bari.

Washegari da safe kwamfuta ta gama haɗa ɗakin, sai aka kira ta wani gida a Yerwa. Tana ɗaura mayafi ta ce, "Baba, ga ɗakin Gwaggo nan. Ƙofa ɗaya, taga ɗaya. In ka gama ka ajiye, in na dawo in tura."

Ƙofar da tagar ba su ɗauke ni lokaci ba. Da na gama sai na ji ina son ganin aikina na da. Na juya ɗakin na leƙa shi ta sama, kamar tsuntsu, na bi bangon baya da ido. Ɗigon sun taso daga kusurwa a miƙe. Suna zuwa tsakiya sai suka fara fita waje, a hankali, suka yi ciki kamar na akuyar da ta ƙoshi, sannan suka koma layi kafin ɗaya kusurwar.

Ba haƙoran kare ba ne irin na bakin ƙofa. Lanƙwasa ce mai santsi, kowane ɗigo yana bin ɗan'uwansa. Ya kamata wannan ya tsayar da ni. Amma abin da ya zo mini shi ne gorar nan da na ga tana lilo a hannun yarinyar. Na ce wayar ce ta yi ƙarya. Kuma na tuna Injiniya zai buɗe wannan a ofishinsa, ya tambayi wanda ya yi filastar, a ce masa uban ma'aikaciyarsa ne.

Ɗigon suna da yawa, jeri a kan jeri daga ƙasa har rufi. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina kula kada in haɗa da na katangar maƙwabci. Matata ta kawo mini kunu ya huce a gefena. Sai da aka kira azahar na gama zaɓa, bangon duka ya koma ruwan goro. Na danna S, na danna X, na danna sifiri. Cikin ya shige. Bango ya tsaya kamar an yanka shi da wuƙa. Na ajiye aikin a kan na farko, na tashi na yi alwala da farin ciki.

Uwata ta dawo a gajiye, ta duba ƙofa da taga, ta ce sun yi kyau, ta tura. Bayan kwana biyu Injiniya ya aiko da saƙon murya, ta kunna mana. Ya ce bangon baya ya ba shi mamaki, mutanen da can sun iya gini, a gaya wa Mama ta kwantar da hankalinta. Ya ce zai zo ya gani da idonsa, amma sai ya gama da gidajen da ke cikin haɗari, wataƙila damina ta yi nisa kafin nan. Da aka kunna wa Yaya ta sa aka maimaita mata sau uku, ta ce a ba ta wayar ta kunna wa maƙwabta.

Aka yi ruwan farko. Aka yi na biyu, mai ƙarfi, ya kwana biyu bai bushe a kan hanya ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya ta Lamisula, kamar yadda na saba. Iska ta tsaya cik, zafi ya danne garin, gabas kuma ta fara duhu. Na tarar da Yaya a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa.

"Wushe, sannu da zuwa, Auta. Ka zo a daidai. Ƙofar nan ta fara yi mini taurin kai, sai na sa kafaɗa take rufuwa."

Na ce katako ne ya sha damshi, haka yake yi da damina.

"To ƙasar da nake sharewa a kan gado kullum fa? Ja ce, laushi kamar garin lalle."

Na ce wataƙila gara ce a azara.

"Kai komai kana da amsarsa. Tururuwa ma sun kwashe ƙwansu sun fita jiya, layi guda har zaure. Kuma ɗakin ya koyi magana. Da rana tsaka ina kishingiɗe sai in ji ƙas, kamar an taka busasshen kara."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta ce tunda na zo in ciro mata matajinta, ya faɗa bayan kabad tun shekaranjiya.

Na ce, "Bayan kabad kuma? Ai ko allura ba ta shiga wurin." Ni na jingina kabad ɗin da bangon da kaina.

"Je ka gani mana."

Na shiga. Ɗakin yana warin ƙasa jiƙaƙƙiya. Na tsaya a gefen kabad ɗin na zura hannu ta sama, yatsuna kawai suka shiga. Na sauko da hannun zuwa daidai ƙirjina, sai ya wuce har gwiwar hannu, bai gogi komai ba. Kabad ɗin yana nan inda na ajiye shi, sawun ƙafafunsa bai motsa ba. Bangon ne ya ja baya ya bar shi.

Na tsaya da hannuna a cikin ramin. Abin da na gani ta sama ranar nan ya dawo mini, kowane ɗigo a inda yake kafin in taɓa shi. Wayar gaskiya ta faɗa.

Na fito ban ciro matajin ba. Na ce wa Yaya ina zuwa, na shiga zaure na kira Uwata na ce ta bar abin da take yi ta zo Lamisula yanzu. Ta ji muryata, ba ta tambayi dalili ba. Ina tsaye a zauren ina kallon gabas har keke mai ƙafa uku ya sauke ta. Hadarin ya riga ya cinye rabin sama.

Na gaya mata a tsaye, ban ɓoye komai ba.

"Baba, ɗigo nawa ka taɓa?"

"Duka."

"Daga ƙasa har sama?"

"Har sama."

"Cikin ya kai yaya?"

Na nuna mata da hannu. Ta rufe ido. Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Ni ma ban juya shi na duba ba," in ji ta. "Ƙofa da taga kawai na kalla."

Ta kira Injiniya ta sa a bayyane don in ji. Ta fara cewa an sami kuskure a aikin da ta tura, na karɓi wayar na ce ba ita ba ce, ni ne, na faɗa masa abin da na yi. Na ji yana jan numfashi.

"Malam, kai magini ne, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"To akwai igiya kusa? Ka hau ka sake ta a lungun, ka gaya mini abin da ka gani. Kada ka taka rufin. Ta katangar maƙwabci za ka bi."

Maƙwabcin ya ba mu tsani. Na kwance igiyar shanyar Yaya, na ɗaura mata wani tsohon kwaɗon ƙofa a baki don nauyi. Uwata ta ce ita za ta hau, na ce a'a. Na hau a hankali, ƙafar hagu tana jan ta dama, shekara huɗu rabona da tsani. Na zauna a kan katangar, na miƙa hannu na kafa igiyar a bakin bangon Baba daga sama, daidai tsakiya, na sake ta.

Ba ta sauka a sake ba. Tana kaiwa rabi ta kwanta a jikin bangon, ta bi cikin, kwaɗon ya tsaya yana lilo nesa da gindin. Na riƙa janye hannuna waje kaɗan-kaɗan har igiyar ta rabu da bango. Sai da na janye fiye da taƙi guda. Daga nan sama na ga abin da ba a gani daga ko'ina: filastar ta tsage a kwance, tsaga doguwa, ta buɗe baki, ƙasar ciki baƙa ce don jiƙa. Ina kallo wani ɗan gutsure ya ɓalle ya faɗa cikin lakar lungun, ba wanda ya taɓa shi.

Na faɗa wa Uwata, ta faɗa wa Injiniya. Daga kan katangar na ji muryarsa ta canza.

"Ku fitar da Mama yanzu. Ba anjima ba, yanzu. Kada a ja kabad, kada a ja gado, kada a buga ƙofa. Kaya su zauna. Ina can ƙetaren gari, ba zan iso kafin ruwan nan ba."

Na sauko. Iska ta taso, mai sanyi, tana kwasar ledoji a tsakar gida. Yaya ta riga ta shige da shinkafarta ɗaki, tana zaune a bakin gado. Uwata ta durƙusa a ƙofa.

"Gwaggo, Injiniya ya ce ki fito."

"Wane injiniyan? Wanda ya ce in kwantar da hankalina?"

"Shi."

"Bakinsa biyu ne? Ran nan lafiya, yau ba lafiya, bai ko tako gidan ba? Ku dai kun ga hadari kun tsorata. Hadari nawa ɗakin nan ya gani?"

Uwata ta waiwayo ta dube ni. Na cire takalmi na shiga na tsuguna a gabanta.

"Yaya, abin da aka nuna masa ran nan ba bangonki ba ne. Bangon ya yi ciki. Hoton ya nuna, ni na shafe cikin kafin a tura masa."

"Ka shafe?"

"Na miƙe shi a kwamfuta. Na ɗauka wayar ce ta karkace."

Ta ajiye farantin shinkafar a kan gado.

"Wato ka je ka zauna a kan bencin yara da gemunka fari, abin da ka koyo ke nan? Yi wa bango kwalliya?"

"Na yi kuskure, Yaya."

"Ni kuma na bi gida-gida ina kunna wa mutane murya. Har matar maƙwabcinmu na ce wa ta zo ta ga ginin ubana."

"Ki yi haƙuri. Mu fita, sai ki yi mini faɗan a zaure."

A daidai nan ladanin masallacin unguwa ya kira la'asar. Yaya ta miƙe, na ɗauka fita za ta yi. Sai ta ɗauko dardumarta ta shimfiɗa a tsakiyar ɗakin.

"Ina da alwala. Zan yi sallata a inda na saba, sannan in fita da ƙafata. Ba za a kore ni daga ɗakin ubana kamar kaza ba."

"Gwaggo, don girman Allah," in ji Uwata.

"Ke, tashi daga ƙofa, kina tare mini haske."

Ta ta da kabbara.

Ba a jan mai salla, ba a kuma jan wadda ta goye ka. Na yi wa Uwata alama ta koma tsakar gida, ta ƙi, ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe da labule. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, sai na koma gefen kabad na zura hannu na ɗora tafina a kan bangon. Na san hannu ba ya riƙe bango. Ina so ne in ji shi in zai motsa, ko na sami abin da zan fizge ta.

Ruwan ya fara sauka a kan kwano, ɗaya-ɗaya, manya. Bangon yana da sanyi kamar randa. Yaya ba ta taɓa gaggawa a salla ba, ranar ma ba ta yi ba. Ta yi ruku'u ta daɗe. Ta yi sujada ta daɗe. Tana tashi raka'a ta biyu ruwan ya ɓarke gaba ɗaya, har ban ƙara jin motsinta ba sai rurin kwano. Wani abu ya fara zubo mini a wuyan hannu, siriri, ba ya tsayawa, yana gangarawa cikin hannun rigata. A raka'a ta uku na ji ƙas ɗin da ta faɗa. Ban ji shi da kunne ba, a tafin hannuna na ji shi. Na dubi azarar da ke kan gadon, na dubi bayan Yaya, na ƙirga taku nawa ne tsakanina da ita. Taku biyu ne. Daga ita zuwa ƙofa uku. Da gwiwata ban san ko za su yiwu ba.

Ta zauna tahiya. Ta yi sallama dama, ta yi hagu. Ta miƙa hannu za ta ɗauki carbi.

"Yaya."

Ta juyo. Na zaro hannuna daga bayan kabad ɗin. Farar rigar Juma'ata ta yi ja daga wuyan hannu har kafaɗa, ƙasa tana zuba daga cikinta. Ta kalli hannun, ta kalli sama. Ta naɗe dardumar, ta ɗauki 'yar rediyonta a kan taga, ta fita cikin ruwan, Uwata ta lulluɓe ta da mayafinta suka tsallaka zuwa zaure. Na bi su, na bar ƙofar a buɗe.

Muka zauna a zaure muna kallon ɗakin ta cikin ruwa har ya tsagaita. Bai faɗi ba. Yaya ta ce to ga shi nan a tsaye, amma da keke ya zo ta shiga ba a roƙe ta ba. A hanya ba ta yi mini magana ba, da matata kawai ta gaisa da muka isa gidana.

Injiniya ya zo washegari da safe. Ya leƙa lungun daga kan tsani, ya sauko, ya ce kada ma a tokare shi da katako, duk wanda ya shiga wurin da guduma ba zai fito ba. Ya sa aka ɗaure igiya a bakin ƙofar, aka gaya wa maƙwabci ya janye awakinsa daga gindin katanga. Ni bai ce mini komai a kan abin da na yi ba. Ya dai tambayi Uwata ko hotunan farko suna nan a wayarta, ta ce suna nan, ya ce ta sake haɗawa ta turo masa yadda suka fito.

Ranar Lahadi da hantsi bangon ya faɗi, babu ruwa babu iska. Maƙwabcin ne ya kira ni. Ya ce bai yi wata ƙara mai yawa ba, kamar an juye buhunan hatsi. Da Yaya ta ji ta ce sai an kai ta.

Rabin bangon ya zube cikin lungun, rabi ya zauna a inda yake kamar tuwon da ya kwana. Rufin ya rusuno ta wannan gefen, azara biyu sun sauko a kan gadon, ɗaya ta karya katakon wajen kai. Farantin shinkafar da ta bari yana ƙarƙashinsu. Yaya ta tsaya a bayan igiyar tana kallo, hannunta ɗaya a kan kafaɗar Uwata. Mata maƙwabta suka taru suna salati, ba ta kula su ba.

Can ta juya ta dubi ɗakin da ke kusa, inda wata jikar ƙanen Baba take kwana da 'ya'yanta biyu. Shi ma Baba ne ya gina shi, shi ma ni na yi masa filasta.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Wancan fa? Shi ma ka taɓa shi a cikin abin naku?"

"Ba a ma ɗauki hotonsa ba."

"To wa ya duba shi?"

Gabas ta fara yin duhu kuma. Na ce wa matar ta fito da yaran tsakar gida tukuna, na tafi gidan maƙwabci aron tsani.